Na'ura tana ƙara a kan giranit: yaya ake gane yuraniyom ɗin da zai haƙu?

Ɗalibin Duwatsu:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman a warware mini wani abu game da neman yuraniyom a dutsen giranit. Wurin tsauni ne a arewa maso gabashin Nijeriya, giranit mai manyan ƙwayoyi, jaja-jaja. Taswirar awon jirgin sama ta nuna tiriri mai yawa a kansa. Da aka bi da na'urar hannu mai ƙirga tiririn gama, yawancin dutsen yana ba da 250 zuwa 350 a daƙiƙa, amma akwai wani ziri, faɗinsa kamar mita 2, tsawonsa kusan mita 300, inda ƙirgen yake kai 1,500 har 2,000. Dutsen zirin ya farfashe, ya yi ja kamar hanta, kuma akwai ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa a cikin tsagoginsa. Baƙin yashin rafin da ke gindin tsaunin shi ma yana sa na'urar ƙara. Wasu na cewa a kawo injin haƙa kawai. Shin wannan ƙirgen ya isa hujja? In bai isa ba, me ya kamata a yi kafin haƙa, kuma wanne ne gaba da wanne?

Mai Guduma:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada a kawo injin tukuna. Na'urar da ke hannunku jimilla take ƙirgawa, ba ta san wanda ya yi ƙarar ba. Abu uku ne ke fitar da gama a dutse: fotasiyom, toriyom da yuraniyom, kuma giranit yana da dukkansu fiye da yawancin duwatsu. Jan da kake gani a giranit mai manyan ƙwayoyi felsifa ne mai fotasiyom, shi kaɗai ya isa ya haskaka tsauni a taswira. Ɓawon ƙasa gaba ɗaya yana ɗauke da yuraniyom ƙasa da ppm 3, wato giram 3 a tan guda, giranit na yau da kullum 3 zuwa 5, mai albarka 10 zuwa 30. Duk wannan bai zama ma'adinin haƙa ba.

Abin da kuke buƙata na'ura ce mai rarrabe ƙarfin gama. Tana karanta taga uku a ma'aunin ƙarfin gama da ake kira MeV: 1.46 na fotasiyom, 1.76 na bismut-214 wanda ake ƙiyasta yuraniyom da shi, da 2.61 na taliyom-208 wanda ake ƙiyasta toriyom da shi. A ɗora ta a kan dutse shimfiɗaɗɗe, a bar ta minti biyu zuwa biyar a kowane wuri. Sai ka yi lissafi, ka raba adadin toriyom da adadin yuraniyom, ka ga sau nawa ya ninka shi. A dutsen da ba abin da ya taɓa shi, toriyom yakan ninka yuraniyom sau 3 da rabi zuwa 4. In ka ga adadin ya faɗo ƙasa da 1 a kan zirin alhali gefensa yana nan a 4, to wani ruwa ya kawo yuraniyom ya ajiye a nan, domin toriyom ba ya narkewa ya bi ruwa. In kuwa ya haura 7 ko 10, ko dai monazait, wani ma'adini mai yawan toriyom, shi ke yi muku ƙara, ko kuma ruwan sama ya wanke yuraniyom ɗin ya tafi da shi.

Yashin rafin nan kusan ina da tabbacin monazait ne da zarkon. Masu nauyi ne, ruwa yana tara su a lungun rafi kamar yadda yake tara kuza. Wanda ya san tarin yashin da masu wankin kuza suka bari a kewayen Jos da Bukuru ya san yadda yake sa na'ura kuka, kuma mafi yawan kukan na toriyom ne.

Game da taswirar jirgi, awon da Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya ta sa aka yi, tazarar mita 500 ce tsakanin layi da layi, jirgin yana tashi kamar mita 80 daga ƙasa. Ziri mai faɗin mita 2 ba zai fito a wannan ba, tsaunin ne ya fito don dutse ne tsirara ba ƙasa a kansa. Gama ba ya keta fiye da santimita 30 zuwa 50 na dutse ko ƙasa, saboda haka inda marmara ta rufe, na'ura shiru za ta yi ko da akwai abu a ƙasa.

Ku ja layin tushe tare da zirin, ku yanka shi da layuka a gicciye kowane mita 25, kuna awo kowane mita 5, a kan zirin kansa kowace mita. Ku ware dutse ɗaya kusa da masauki da za a riƙa aunawa safe da yamma don a kama in na'ura ta kauce. Kada a yi awo nan da nan bayan ruwan sama, a jira awa uku ko fiye, domin ruwa yana sauko da 'ya'yan radon, wato gas mai tiriri da rugujewar yuraniyom ke haifarwa, daga iska, ƙirge ya hau na ƙarya. Haka nan awon cikin rami kullum ya fi na fili, saboda dutse ya kewaye na'urar ta ko'ina. Mutane da yawa sun ruɗu da wannan: suna haƙa, ƙirge yana hawa, suna murna wai arziki yana ƙaruwa a ƙasa.

Malamar Ɗakin Awo:

Malam Mai Guduma ya yi bayanin na'ura yadda ya kamata. Abin da zan ƙara shi ne, ko na'ura mai rarrabewar ba yuraniyom take aunawa ba, jikansa take aunawa. Bismut-214 yana can ƙasa a jerin rugujewar yuraniyom-238, kuma lissafin yana daidai ne kawai in kakan da jikokin sun zauna wuri guda ba a raba su ba na tsawon shekara kusan miliyan ɗaya ko fiye. A saman ƙasa, a yanayi irin namu mai damina da rani, ba kasafai hakan ke faruwa ba. Yuraniyom in ya haɗu da iskar oksijin yana narkewa ya bi ruwa, radiyom ya tsaya a baya yana ƙara. Sai ka sami dutse mai kuka, a kai ɗakin awo a tarar ba komai. Akasin haka ma yana faruwa: sabon yuraniyom da ya sauka cikin 'yan dubban shekaru bai tara jikoki ba, na'ura ta raina shi.

Ɗigon ruwan ɗorawan nan, ka je da fitilar UV, irin hasken da ake duba jabun kuɗi da shi, da dare. In ya yi haske kore-shar mai ɗaukar ido, mai yiwuwa otunait ne. In ƙananan faranti ne koraye da ba sa haske, tobanait ne, mai tagulla a ciki. Waɗannan ma'adinai na biyu ne, ruwan saman ƙasa ne ya haife su. Suna gaya maka yuraniyom yana yawo a tsagar, ba sa gaya maka nawa ne a ƙasa.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a giranit ita ce: a cikin wane ma'adini yuraniyom ɗin yake zaune? In yana cikin yuraninait ko ficbilen ko kofinait, ruwan asid mai sauƙi yana fitar da shi. In yana ɗaure a cikin zarkon, monazait ko fairokulo, ya yi taurin kai, kuɗin fitar da shi ya fi ƙimarsa. Misalin yana kusa da mu. Giranit ɗin Kaffo a tsaunukan Riruwai, jihar Kano, yana da yuraniyom fiye da giranit na yau da kullum nesa ba kusa ba, an san da haka tun zamanin Turawa, amma a cikin fairokulo yake tare da niyobiyom. Shi ya sa ba a ɗauke shi a matsayin mahaƙar yuraniyom ba. A gefe guda kuma ga Limuzan a Faransa, inda aka gano ficbilen a La Kuruzil a 1948. Giranit ɗin can fari ne mai maika iri biyu, wato ma'adinin nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, yuraniyom ɗinsa yana cikin ƙananan ƙwayoyin yuraninait masu ƙarancin toriyom, masu saurin narkewa. Ruwan zafi ya kwashe shi ya zuba a jijiyoyi, da kuma wuraren da ya cinye farin dutsen kwaz ya bar giranit da ramuka kamar soso. An yi ta haƙa a yankin har 2001.

Saboda haka alamun da za ka nema a zirin su ne na wucewar ruwan zafi: jan hematait da ya rine felsifa, wanda ka riga ka gani, kwaz da ya yi duhu kamar hayaƙi ya shige shi, fulorait mai launin shunayya mai duhu, baƙar maika da ta koma koriyar kulorait, da wurin da kwaz ya ɓace dungurungum. Bayaninka ya yi kama da abin da aka rubuta game da Mika a jihar Taraba, inda yuraniyom yake cikin farfasasshen dutsen rayolait da ya kutsa tsagogin tsohon giranit. Ka duba ko zirinka giranit ne da ya farfashe, ko wani dutse ne daban mai laushin ƙwaya da ya shigo daga baya.

Wajen ɗaukar samfuri, kada a tsinci dutsen da ya fi ƙara a aika. Wannan yaudarar kai ce. A yanka kwari a gicciyen zirin, faɗin santimita 5, zurfin 3 zuwa 5, kowace mita jakarta daban, kamar kilo 4 zuwa 7, a haɗa har da mita biyu na lafiyayyen dutse a kowane gefe. A cikin kowane samfuri 20 a saka ɗaya da aka san adadinsa, ɗaya marar komai, ɗaya maimaici, ba tare da ɗakin awon ya sani ba. A nemi awo iri biyu a kan samfuri guda: na narkarwa da gishirin litiyom boret a wuta, wanda ke fasa har zarkon ya ba da jimilla, da na jiƙawa a asid mai sauƙi, wanda ke ba da abin da zai fita kawai. Tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu ita ce amsar tambayarka. A kuma kula da yadda aka rubuta sakamako: in U3O8 aka rubuta, ya fi tsantsar U da kashi 18 cikin ɗari, ana ninka U da 1.179 ne a same shi.

Ɗan Azbin:

Gaisuwa ga malamai. Mu nan Nijar iraniyom muke cewa. Ni shawarata ta ɗan bambanta: kada idonka ya tsaya a kan tsaunin, ka dubi inda ruwansa yake gangarawa.

Duwatsun Azbin cike suke da giranit da duwatsun aman wuta masu iraniyom, amma babu mahaƙar iraniyom ko ɗaya a kansu. Duk mahaƙun suna yamma da su, a kwarin Tim Marsoyi, cikin dutsen yashi. Akuta a shimfiɗar Gezuman take, Arlit a shimfiɗar Tarat, Imuraran a Cirozerin ta biyu wadda ta fi su ƙuruciya. Tsaunukan su ne uwa, su suka ba da ƙarfen. Ruwa mai oksijin ya ɗauko shi ya ratsa yashin tsofaffin koguna, da ya iske ruɓaɓɓen itace da ganye da fairait a binne, sai ƙarfen ya daina narkewa ya zauna. Babbar tsagar Arlit da ta miƙe kudu da arewa ita ta tsara hanyar ruwan, shi ya sa mahaƙun suka jeru kusa da ita. An fara ganin alamar a Azelik a 1957 ana neman tagulla, mahaƙar Somair ta Arlit ta fara fitarwa a 1971, mahaƙar Cominak ta Akuta a 1978, kuma kafin a rufe Cominak a Maris 2021 ta fitar da kusan tan 75,000.

Dangantakar ba ta nesa ba ce. Zoben giranit na Azbin, da na Damagaram da Muniyo, da na Jos jeri ɗaya ne, shekarunsu suna raguwa in kana yin kudu. A wajenku dutsen yashin Bima yana kwance kai tsaye a kan tsohon giranit a saman kwarin Binuwai. In awonku ya nuna toriyom ya ninka iraniyom sau 8 ko 10 a jikin tsaunin, kada ka yi baƙin ciki, ma'anarsa tsaunin ya yi asarar ƙarfensa, sai a tambayi ina ya tafi. A nemi inda dutsen yashi ya sauya launi daga ja ko rawaya zuwa toka-toka, a wannan iyakar yake sauka. A auna ruwan rijiyoyin da ke gindin tsaunin ma, a tace shi, a ɗiga masa asid a kwalba tun a bakin rijiya don kada ƙarfen ya manne a jikin roba.

Mai Guduma:

Maganar Ɗan Azbin gaskiya ce, mafi yawan abin da aka haƙa a yankinmu daga dutsen yashi ya fito. Amma kada a yanke wa giranit hukunci baki ɗaya. Mahaƙar Rosin a Namibiya cikin farin giranit take, irin wanda ake kira alaskait, tana aiki tun 1976, kuma adadinta bai wuce kimanin ppm 300 ba. Sai an fasa fiye da tan 3,000 na dutse mai ma'adini kafin a sami tan guda. Abin da ya rufa mata asiri biyu ne: girman jikin dutsen, wanda ake haƙa a buɗaɗɗen rami mai tsawon kilomitoci, da kuma cewa fiye da rabin ƙarfen yana cikin yuraninait, mafi yawan saura cikin ma'adinai na biyu masu narkewa, ɗan kaɗan ne a cikin betafait mai taurin kai.

To yi lissafin zirinka. Tsawo mita 300, faɗi 2, a ce ya nutse mita 100. Mita kubik 60,000 ke nan, a ninka da nauyin giranit, tan 2.65 a kowace mita kubik, ya ba da tan 159,000. Ko da ya ba da kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ya ninka na Rosin sau uku, tan 159 ne na yuraniyom. Ba wanda zai gina masana'antar tacewa a kan wannan. Darajar zirin ita ce ya nuna hanya: shin yana ci gaba a ƙarƙashin marmara, yana da 'yan'uwa a gefe, ina ya haɗu da wata tsagar? A mahaɗar tsagogi ne jiki yakan kumbura. Inda ƙasa ta rufe, a binne kofunan kama radon a ramuka masu zurfin kamar rabin mita, a bar su mako uku zuwa huɗu, duk a binne su lokaci guda a kwashe lokaci guda, domin danshin ƙasa yana sauya sakamako. Radon rabinsa yana rugujewa cikin kwana 3.8, ba ya tafiya nesa, don haka inda ya yi yawa tushen yana kusa. Awon maganaɗisu a ƙasa ma yana taimakawa, domin inda hematait ya maye gurbin magnetait layin tsagar yakan fito a raunane.

Bayan wannan sai dogayen ramuka a gicciye har a taɓa dutse, sannan injin. Kada a haƙa a tsaye a kan ziri mai tsayuwa, ko ka kuskure shi, ko ka bi cikinsa ka fito da labarin mita 50 na ƙarya. A ja baya, a karkata injin digiri 60, a nufi yanka zirin a ƙasa da inda ruɓewar dutse ta tsaya. In zirin a tsaye yake cak, abin da ka yanka a wannan kusurwa rabinsa ne faɗin gaskiya: mita 4 a rami, mita 2 ce a ƙasa. A fara da bututun HQ mai ba da sandar dutse milimita 63.5 a farfasasshen wuri, a koma NQ mai 47.6 in dutse ya yi ƙarfi. A rubuta yawan sandar da ta fito a kowace mita, domin ficbilen yakan zauna a wuri mafi rauni, ruwan haƙa ya wanke shi, abin da ka zo nema ya bi laka. Shi ya sa ake zura na'urar gama a kowane rami, bayan an wanke shi don radon da ya taru ya fita, a kuma gyara lissafi in akwai bututun ƙarfe a ciki, don yana rage ƙirge.

Ɗalibin Duwatsu:

Allah ya saka da alheri, malamai, na fahimta. Saura abu biyu: wace takarda ake buƙata kafin a fara ramukan, kuma yaya za a yi da lafiyar leburori da ajiyar samfuri?

Malamar Ɗakin Awo:

A ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, izinin leƙe na shekara guda yana ba ka damar yawo da ɗaukar samfurin sama ne kawai, bai halatta haƙa da injin ba. Ramuka da haƙa sai da lasisin bincike daga ofishin rajistar filayen ma'adinai, wanda ba ya wuce murabba'in kilomita 200, na shekara uku, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Tun da abu ne mai tiriri, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya a Nijeriya ma tana da hannu a ajiyarsa da safararsa, a tuntuɓe ta kafin a ɗora buhunan samfuri a mota. Mai gari da masu gonaki kuma a zauna da su tun kafin a kafa turke na farko, a gaya musu abin da ake nema da sunansa.

A irin wannan adadin, haɗarin ba a tsayuwa kusa da dutsen yake ba, a shaƙa da haɗiya yake. A jiƙa dutse kafin a yanka ko a daka, a sa takunkumin ƙura na gaske, a wanke hannu kafin cin abinci ko goro, kada a ci a bakin rami. Da milisibat ake auna tiririn da jiki ya sha, iyakar da duniya ta sa wa ma'aikaci kuwa milisibat 20 ne a shekara in an daidaita a kan shekara biyar, ga sauran jama'a 1, don haka duk mai aiki a kan zirin kullum a rataya masa bajen awon tiriri. Samfuri a ajiye shi a rumfa mai iska ta ko'ina, ba a ɗakin kwana ko kwantena a rufe ba, domin radon yana taruwa cikin 'yan kwanaki. Ruwan haƙa a tara shi a ramin da aka shimfiɗa wa leda, nesa da rijiya da mashayar dabbobi. Dogayen ramukan kuma a mayar da ƙasarsu da zarar an gama zana su da ɗaukar samfuri, jan dutsen a ƙasa, ƙasar noma a sama, kada wani ya kwashe shi ya yi daɓen ɗaki ko harsashin gini.